Ƙaho Takwas a Bayan Ɗan Bala

In ka tambayi mutanen Cadawa wane ne Na'Allah wanzami, kowa da abin da zai faɗa maka. Mahauta sun ce hannunsa bai rawa, ko da yake ya ba sittin baya. Mata sun ce rabin yaran gari shi ya cire musu belu, kuma ba wanda ya kwana da zazzaɓi a kai. Tsofaffi sun ce ubansa Jibo ya fi shi sanyin hannu, shi kuma ya fi uban baki. Limamin unguwarsu ya taɓa cewa shekara talatin Na'Allah na salla a bayansa, bai taɓa jin ya ce wa ɗan Adam "yi haƙuri" ba. Ko ƙafarka ya taka a sahu, sai ya dube ka kamar kai ka kawo ta ƙarƙashin tasa.

Mutum ɗaya ne ke faɗa masa magana ya kwana lafiya, Ɗan Bala manomin aya, taubashinsa. Uwar Na'Allah da uban Ɗan Bala ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun suna yawo ba wando kowa ke kiran ɗayan bawansa, har suka yi furfura ba a raba gardamar ba.

Kowace bazara, in zafi ya kai inda ya kai kuma gajimare ya fara leƙowa daga gabas, manoma kan zo rumfar Na'Allah a bakin kasuwa a yi musu ƙaho. A cire mataccen jinin da ya kwanta tun rani, jiki ya saki kafin shuka. Haka uba ya yi, haka kaka ya yi. Mutum ya tuɓe riga ya zauna a tabarma, wanzam ya tsaga fata da aska, ya kafa ƙahon, ya tsotsa ya toshe. In ya cire, sai ya juye gudan jinin a rairayi, ya nuna wa mai shi da tsinke ya ce, "Ka ga abin da kake yawo da shi?" Sannan ya rufe da ƙasa.

A bazarar bana Ɗan Bala ya zo da wuri. Ya ce gajiya ta dame shi, in ya miƙe ƙasa sai ta juya, in ya ɗan yi sauri kuma sai ya ji kamar an aza masa buhun aya a ƙirji. Na'Allah ya kafa masa ƙaho huɗu. Bayan mako guda ya dawo, ya ce abin ƙaruwa ya yi. Na'Allah ya ce ai da saura ke nan, ya kafa shida. Ranar kasuwa ta uku ya sake dawowa yana tafiya yana hutawa, ya zauna a tabarma kamar an yar da shi.

"Bawana, kai dai ragwanci ne ya kama ka," in ji Na'Allah yana buɗe zabira. "Ka ji ƙamshin damina ka fara neman dalili."

"Yi aikinka, ɗan aski. Wa ya taɓa ganin ka da hauya?"

Ya kafa ƙaho na biyar ke nan sai ga Juwairiyya, matar Ɗan Bala, da kwanon awo a hannu, ta bar kayan kuli-kulinta wajen maƙwabciya. Mace ce mara yawan magana, kuma ba ta taɓa taka rumfar nan ba. Ta durƙusa daga gefe ta yi ƙasa da murya.

"Wanzam, don Allah ka bar shi haka. Ka dubi tafin hannunshi, ka ja idonshi ka gani. Fari fat. Mutumin nan ba jini ya yi mashi yawa ba."

"To, madalla. Sai me kuma?"

Abin da za ta faɗa ba na kasuwa ba ne. Ta ƙara rage murya. "Bayan gidanshi baƙi ne kamar kwalta, yau wata guda ke nan. Tun da ya kama shan ƙwayoyin ciwon jikin nan na 'yan tebur, safe da marece, ba ko ci."

Da a gida ta same shi, wataƙila da ya saurara. Amma akwai mutum shida a zaune suna jiran aski, kuma duk sun zuba ido suna kallo. Na'Allah ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku matso! An buɗe sabuwar likita a Cadawa, ga majo mai duba marasa lafiya nan da kwanon kuli-kuli. A wace lakol kika yi karatu, matar bawana? Baƙin da kike gani ai shi ne dattin ke fita da kanshi. Ni da ke wa ya gaji jini?"

Aka yi dariya. Ɗan Bala ma ya yi, da kai a sunkuye, ya ce mata ta koma wajen kayanta. Ta tashi ta karkaɗe zane ta tafi, ba ta waiwaya ba. Na'Allah ya ƙara ƙaho uku a kan biyar ɗin, ya cika takwas, don kowa ya gani. Da ya juye jinin ya lura bai kama jiki ba, ja-ja ne ruwa-ruwa kamar wankin nama. Bai nuna wa kowa da tsinke ba. Ya yi sauri ya rufe da ƙasa.

Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwan shuka. Gari ya watse gona tun da sassafe. Da hantsi Na'Allah na zaune a rumfarsa ba kowa, sai ga amalanken shanu a guje ya nufi likita, mutane na bin sa. Ɗan Bala ne kwance a kai. An ce yana cikin saran sungumi, bai gama kunya ta huɗu ba, ya dafe ƙirji ya durƙushe.

Majo, babban ma'aikacin likitar Cadawa, ya auna shi, ya sa masa ƙarin ruwa, ya ce wannan zuciya ce, ta fi ƙarfin nan, sai Maraɗi. Ambilans mutum ɗaya take ɗauka tare da majinyaci. Juwairiyya ta riga ta sa ƙafa, maza suka ce namiji ya kamata ya bi, wanda zai iya magana da likitoci. Na'Allah ya hau. Ta sauke ƙafarta ta ce za ta biyo a motar kasuwa.

A hanya Ɗan Bala ya buɗe ido, gumi na zuba masa kamar an watsa ruwa. Ya kamo hannun rigar Na'Allah.

"Bawana. In sun tambaya, kar ka yi zancen ƙaho."

"Rufe bakinka ka huta."

"Ka ji dai. Bara an kira wanzamin Gazawa buro gaban hukuma a kan ƙaramin abu, an amshe mashi zabira. Ni na kawo kaina. Ba ka ja ni ba."

Na'Allah ya dubi gonaki ta gilashin baya, mutane a jere suna sara suna jefa iri suna takewa da diddige.

Ɗakin gaggawa na babban asibiti cike yake, har ƙasa an shimfiɗa mutane. Aka gungura Ɗan Bala lungu, aka sa masa bututun iska a hanci, aka naɗe rigarsa ta gaba aka manna masa wayoyi a ƙirji. Wata na'ura ta tofo doguwar takarda mai zane. Aka ɗebi jini a hannu aka tafi da shi. Likitar da ta zo mace ce, Salima ake kiran ta, siririya, da idon wadda ta daɗe ba ta zauna ba. Ta duba takardar ta daɗe. Wata ma'aikaciya ta kawo ƙwaya da allura a faranti ta tsaya tana jira.

Likita Salima ta ja fatar idon Ɗan Bala, ta juya tafin hannunsa, daidai wuraren da Juwairiyya ta ce a duba. Sannan ta juyo ga Na'Allah.

"Baba, kai ne nashi?"

"Ɗan'uwana ne."

"To ka saurare ni da kyau. Zuciyarshi na shan wahala, takarda ta nuna. Abu biyu ke kawo haka. Ko hanyar jini ta toshe, ko kuma hanyar a buɗe take, jinin ne ya yi kaɗan ba ya kai wa zuciya iskar da take bukata. In toshewa ce, wannan maganin zan ba shi yanzu, yana tsinka jini ya buɗe hanya, kuma ba ya son jira. In kuwa jini yake zubarwa wani wuri, maganin nan shi zai ƙarasa shi. Awon jini sai an ɗan jima zai fito. Ya zubar da jini kwanan nan? Rauni, basir, amai, baƙin bayan gida, ko wani abu?"

"Babu," in ji Ɗan Bala ta cikin bututu. "Babu komi, 'yata."

"Ba kai na tambaya ba, Baba. Kwanta."

Na'Allah ya tsaya. Zabirarsa na rataye a kafaɗa ƙarƙashin riga, don bai taɓa fita ba ita ba, kuma yanzu ya ji nauyinta. Ta ubansa ce, fatar ta yi baƙi da hannun mutum biyu. Ya ga kansa a tsaye a buro ana zazzage ta a kan tebur. Ya ga mutanen Cadawa suna wuce rumfarsa suna kau da kai. Ɗan Bala na kallonsa yana girgiza kai a hankali. Ma'aikaciyar ta gyara riƙon farantin, ƙwayar ta yi ƙara a cikinsa.

Likitar ba ta matsa masa ba. Ta tsaya kawai, ta gaji, tana jira.

"Ku juya shi," in ji Na'Allah. "Ku dubi bayanshi."

Suka tallabe shi suka ɗaga rigar. Tsaga ce layi-layi daga kafaɗa zuwa ƙugu, wasu sun bushe, takwas ba su gama kamewa ba.

"Sau nawa?"

"Uku. Cikin mako uku. Huɗu, shida, takwas."

"Wa ya yi?"

"Ni."

"Akwai wani abu kuma?"

"Matarshi ta ce bayan gidanshi baƙi ne wata guda. Ta ce yana shan ƙwayoyin 'yan tebur ba ci."

"Yaushe ta faɗa maka?"

"Kafin na ƙarshen."

Likita Salima ta dube shi kawai. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce wa ma'aikaciyar ta mayar da farantin, a je a gaya wa masu awo su yi sauri, a nemo jini leda biyu. Daga nan ba wanda ya sake kula shi. Aka ce ya fita waje.

Ana kiran la'asar Juwairiyya ta iso, da tabarma da buta da kwanon fura a ɗaure a zane. Ta same shi a gindin dogon yaro a tsakar asibiti. Ba ta gaishe shi ba, ta ce, "Yana da rai?"

"Yana da rai. Ana ƙara mashi jini."

Ta shimfiɗa tabarmarta nesa da shi ta zauna.

Can likitar ta fito ta kira su. Ta jingina da bango tana magana. Ta ce jininsa bai kai rabin na lafiyayyen mutum ba. Ƙwayoyin nan sun ci masa ciki, yana ta zubarwa kaɗan-kaɗan, ƙaho kuma ya kwashe abin da ya rage. Ta ce zuciya kamar jakin amalanke take, an rage masa harawa an ƙara masa kaya, ranar shuka kuma aka ce ya hau tudu. Awon ya nuna naman zuciyar ya ji rauni.

"To tunda ba toshewa ba ce, ai da sauƙi ko?" in ji Na'Allah.

"Haka kowa ke cewa." Ta murza ido da bayan hannu. "Baba, irinsu nike gani kullum a nan. Mai haihuwa da ta zubar da jini, tsoho da ciwon huhu, mai zazzaɓin da ya ƙi sauka. Ba toshewa, amma zuciya ta ƙone. Mu gyara abin da ya kawo su, su tafi gida, a ce an warke. Da yawansu kafin shekara ta zagayo sun dawo, wasu ba su ma kawowa nan. Kar ku raina shi. Yanzu dai a maida mana jinin da muka ba shi, akwai na baya."

Na'Allah ya ce a ɗebi nasa. Aka kai shi wani ɗaki, aka auna shi, aka ce shekarunsa sun kusa iyaka amma zai iya. Shekara arba'in yana fidda jinin mutane, ba a taɓa fidda nasa ba. Da allurar ta shiga ya ga ledar tana cika tana lilo, sai ɗakin ya yi duhu. Ya farfaɗo ana yi masa fifita da kwali, ƙafafunsa a sama. Da ya fito yana dafa bango, Juwairiyya ta dube shi sau ɗaya. Ta tura masa kwanon fura da ƙotar ludayi. Ya sha.

Kwana tara suka yi. An mayar da Ɗan Bala ɗakin maza mai gado goma. Juwairiyya ke wanki, ita ke dafa kunu a murhun bayan asibiti. Na'Allah ke kai shi bayan gida ya tsaya a ƙofa, shi ke bin layin magani. Suna wuce juna sau ashirin a yini, iyakarta "ga shi", iyakarsa "to". Ba wanda ya kira shi buro, ba wanda ya tambayi zabira. Ya so a ce an tambaya. Kullum in ya zauna a gindin dogon yaro sai ya shirya maganar ban haƙuri a ransa, ya gyara ta, ya tashi ya nufi wajenta, in ya isa sai ya tambaye ta ko akwai sauran gawayi.

Rana ta shida wani mutumin Cadakori da ke gadon kusa ya rasu. Shi ma ƙarancin jini ne da zuciya, ya zo a makare. Aka naɗe katifarsa, aka kawo wani kafin azahar. Ɗan Bala ya bi abin da kallo, ya ce, "Bawana, wa ya ƙarasa mini shukar nan?"

"Maƙwabta sun yi maka gayya. Gero ya tsiro."

"Ayar fa?"

"Bar zancen aya bana."

Ɗan Bala ya juya fuska bango. Bai yi ba'a ba ranar nan duka.

Ranar sallama Likita Salima ta zo da takarda. Ta ce ba sungumi, ba hauya, ba ɗaukar buhu, bana dai kam, baɗi kuma sai an gani. Ba ƙwayar tebur ko ɗaya. Ya dawo bayan wata guda ko da yana jin garau. In ƙirji ya yi nauyi kar a jira gari ya waye, kar a jira kasuwa ta tashi. Sai ta dubi Juwairiyya.

"Inna, ke kika lura da idonshi?"

"Ni ce."

"To ki ci gaba da dubawa. In ya yi fari ki kawo shi, kowa ya ce miki mene."

Ta wuce gado na gaba. Juwairiyya ta durƙusa tana ɗaure kwanoni a zane. Ɗakin cike yake da 'yan dubiya, don lokacin shiga ne, kowane gado da mutum uku ko huɗu, ana ta buɗe kwanon tuwo. Ɗan Bala na zaune a bakin gado, rigar ta yi masa yawa, yana neman takalminsa da ƙafa.

Na'Allah ya duba ɗakin. Sun fi mutum shida na rumfa yawa nesa ba kusa ba. Ya tuna a gaban mutane ya yi abin, da murya sama. In ya jira sai sun koma gida ya faɗa mata a zaure, ba daidai ba ne, kuma ya san halinsa, in suka koma ba zai faɗa ba.

Ya sauke zabirar daga kafaɗa ya ajiye a kan gado. Gwiwoyinsa suka yi ƙara da ya durƙusa a kan siminti, daidai inda take.

"Kai, me ya faɗi?" in ji Ɗan Bala. "Ko jirin ne ya dawo?"

"Yi shiru, ba da kai nike ba tukuna."

Na kusa suka daina magana, sannan na nesa. Juwairiyya ta tsaya da ƙullin zane a hannu, ba ta ɗago ba.

"Juwairiyya," ya ce. Bai taɓa kiran sunanta ba sai yau. "Kin zo rumfata kin faɗa mini gaskiya a asirce, na maishe ki abin dariya a kasuwa. Na ga jinin nan da idona ya tsinke, na rufe da ƙasa don kar a ce ke ce da gaskiya. Saura kaɗan in kashe miki miji, kuma na raba shi da gonarshi. Ni na yi, ba wani ba." Ya tsaya ya nemi numfashi, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji. "Ki yi haƙuri. Don Allah ki yafe mini."